Su kullum, mu sau ɗaya: yadda za a koya wa yara bangaskiya a gida

Ɗan farina yana shekara shida ya yi mini tambayar da har yau take ci mini rai. Da sassafe ne, ina shara a ƙofar gida, yaran maƙwabta suna wucewa da allunansu a hammata za su wajen malam. Ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya juyo ya ce, "Inna, mu ina namu allon?" Na ce masa mu ran Lahadi muke namu karatun. Ya ce, "Su kullum, mu sau ɗaya?" Na ci gaba da sharata, don ba ni da ta cewa.

Mako awa 168 ne. Makarantar Lahadi kuwa, in malama ta zo da wuri kuma sanarwa ba ta cinye lokacinta ba, awa guda ce. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Maƙwabcina Musulmi ko ya yi sakaci da ɗansa, unguwa za ta tallafa masa: ga kiran salla sau biyar, ga azumi, ga abokai masu jan yaro zuwa masallaci. Mu a nan Maradi in muka yi sakaci, ba titin da zai koya wa ɗanmu Zabura. Ba ƙorafi nake yi ba. Naciyar maƙwabtanmu abin koyi ce, kuma daga wajensu na ɗauko rabin abin da zan faɗa.

Na fi shekara ashirin ina koyar da yara a majami'a, na kuma reni biyar nawa. Littafin Mahukunta 2:10 ya ce bayan mutanen zamanin Joshuwa sun shuɗe, sai wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Tsara guda tak ta isa a yi asarar kome. Ga yadda muke yi a gidanmu, har da inda muka yi tuntuɓe.

Da farko a tsayar da lokaci

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 iyaye ta ɗora wa aikin, ba fasto ba: a koya wa yara a zaune cikin gida, a kan hanya, wajen kwanciya da wajen tashi. To amma abin da aka bar wa "duk lokacin da aka samu dama" ba a taɓa samun damarsa. Ku zauna, mata da miji, ku yanke lokaci guda.

Mun gwada asuba, ta ƙi mu. Ga ɗiban ruwa, ga damun koko, ga neman takalmin lakwal da ya ɓace. Abin da ya zauna mana shi ne bayan tuwon dare, kafin a kwashe kwanoni. Kowa yana kan tabarma, ciki ya ɗauka, ba wanda ya fice tukuna. A zuba salula duka cikin ƙwarya guda, ta maigida ce kan gaba. In an ɗauke wuta, toci ta isa.

Minti goma sha biyar, kada a wuce. A fara da waƙa ɗaya, yara ne masu zaɓe, ko da waƙar jiya suka maimaita. Sai karatu, kada ya haura aya goma. Daga nan a yi tambaya, ba wa'azi ba: wa ya yi me? Me ya ba ka mamaki? Da kai ne a wurin, me za ka yi? Iyaye maza, a nan kuka fi zamewa. Da an buɗe Littafi sai murya ta koma ta mimbari, a yi rabin awa, auta ta yi barci da hannu cikin kwano. Ku bar yaro ya yi magana ko da amsarsa karkatacciya ce, gyara a hankali ya fi.

A rufe da addu'a, kowa jimla guda, a fara daga ƙarami. Ranar da autata ta roƙi Allah ya warkar da akuyarmu mai zawo, yayyenta suka tuntsire da dariya. Babansu ya ce "Amin" da babbar murya, dariya ta mutu nan take. Tun daga ranar yarinyar ta san ba abin da ya yi ƙanƙanta a kai wa Allah.

Me za a karanta? Kada ku ce za ku fara daga Farawa ku bi a jere, Littafin Firistoci zai kwantar da ku. Ku fara da Markus, sura 16 ce, labari a kan labari. Sai Yusufu, daga Farawa 37 zuwa 50, wanda duk yaron da ya san kishin ƴan uba zai gane shi. Rut sura huɗu ce, Yunusa ma huɗu. Surori shida na farkon Daniyel ku ajiye su sai yaro ya kusa barin gida zuwa karatu, don labarin samari ne a garin da ba a bin addininsu. In kwana ya kuɓuce ba a yi ba, kada a ninka washegari kamar biyan bashi. A ci gaba kawai.

In maigida ya tafi cirani, ko yana kan hanyar Jibiya da kaya, uwa ta ja. Timoti wajen kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya samo bangaskiya, ubansa kuwa Bahelene ne. Iyayen da ba su yi boko ba kuma, ba su da dalilin ja da baya. A sa yaro ya karanta, uwa ta yi bayani, ko a saurari karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake sawa a katin salula. Abu ɗaya nake roƙon kakanni: in za ku ba da labarin Dawuda da ka, kada ku buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku". Yaro zai jera shi layi ɗaya da Gizo da Ƙoƙi. Ku ce, "Wannan abu ya faru."

Da wane harshe?

Da harshen da yaro yake kuka da shi. Na ga samari da yawa masu iya zuba addu'a da Faransanci a gaban jama'a, amma in ciwo ya kama su da tsakar dare "wayyo Allah" suke cewa. Faransanci ba laifi ba ne, za su bukace shi a Yamai. Sai dai abin da aka koya da harshen lakwal yakan zauna kamar darasin jarrabawa, a zuba shi a takarda a manta.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya. Shi ya sa tsofaffinmu ke cewa Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a, yara kuma su duba nasu su ga Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a. Ku bayyana musu duk abu ɗaya ne, sannan ku zaɓi fassara guda ta zama ta gida, musamman don hadda.

Ku kuma koya wa yaro karatun Hausa. Ɗan lakwal in ya ga "ce" zai karanta "se", in ya ga ƙ da ɗ da ɓ sai ya tsaya yana kallonku. Mako biyu na minti biyar-biyar sun isa su warware wannan.

Hadda, da kuskuren da na yi

Aya ɗaya a mako. Ran Litinin a rubuta ta da alli a ƙaramin allon lakwal, a rataye kusa da randa, duk mai shan ruwa ya karanta. Kowane dare a faɗe ta tare sau uku, da ƙarfi, da kari irin na waƙa. Asabar kowa ya kawo da ka. Makon ƙarshen wata ba sabuwa, bitar na baya ake yi, don hadda ba bita zuba ruwa ne a rariya. Da haka a shekara yaro zai riƙe aya kusan 40.

Zabura 23 aya shida ce, ku fara da ita. Sai Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13, da Yahaya 3:16, da Dokoki Goma a Fitowa 20, da Zabura 121 wadda muke yi duk lokacin da wani zai yi tafiya.

Yanzu ga abin kunyata. Ɗan farin nan yana shekara tara aka ba shi Luka 2 ya haddace don bikin Kirsimeti. Ya yi ta cijewa a wuri guda. Ni kuwa malamar makarantar Lahadi ce, ina tunanin abin da matan zumunta za su ce in ɗana ya tsaya yana raba ido a gaban majami'a. Na karyo tsumagiyar dogon yaro na zane shi. Ranar biki ya zubo surar tiryan-tiryan, aka yi ta tafi, ni ma na sha yabo. Sai da ya zama saurayi, wata Kirsimeti muna dawowa daga sujada, ya ce mini, "Inna, duk lokacin da aka karanta labarin makiyayan nan, bayana ne ke tunawa." Na nemi gafararsa a nan kan hanya.

Afisawa 6:4 ta gargaɗi iyaye kada su tsokani ƴaƴansu su yi fushi. Horo yana da wurinsa, ban hana ba. Amma kada bulala da Littafi su haɗu a zama ɗaya. Yaron da ya kasa aya, a rage masa ita gida biyu. Wanda ya iya, dabino uku sun ishe shi murna.

Abin da zai ji a waje

Nan ne aiki yake, kuma nan ne yawancinmu muke yin shiru. Wata rana ɗanku zai shigo da hawaye ya ce an kira shi arne, ko an ƙi shan ruwa da kofin da ya sha. Abin da kuka yi cikin minti biyar na farko shi zai riƙe. In kuka hau zagin maƙwabta, kun koya masa ƙiyayya. In kuka ce "share kawai", kun koya masa cewa ba mu da amsa. Ku zaunar da shi, ku ji labarin duka, sannan ku ba shi magana gajera wadda bakinsa zai iya ɗauka.

In an ce Allah uku muke bauta wa: Allah ɗaya ne, Yesu da bakinsa ya faɗa a Markus 12:29. In an ce yaya Allah zai haihu: Allah ba shi da mata, ba haihuwa irin ta mutane muke nufi ba. Ga ɗan shekara bakwai wannan ya wadatar. Zurfin maganar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a bi shi sannu a hankali yadda hankalinsa yake girma, kuma kada ku ji nauyin ce masa akwai abin da ya fi ƙarfin kanmu duka.

Ɗan koleji kuma zai gamu da "an canza littafinku". Shi yana bukatar hujja. Ku nuna masa cewa fassara daban, canji daban: daga Ibrananci da Helenanci ake fassarowa, kuma tsofaffin rubuce-rubucen suna nan ana iya gwadawa. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai cikin koguna kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Ishaya cikakke wanda aka rubuta tun kafin haihuwar Almasihu. In tambaya ta fi ƙarfinku, ku ce, "Ban sani ba, mu je wajen fasto tare," kuma ku je ɗin. Yaron da aka ce masa "yi mini shiru, tambayar marasa bi ce" ba ya daina tambaya, mai amsawa kawai yake canzawa.

Mukan yi gwaji a gida. Babansu ya zama abokin aji mai tsokana, yaro ya ba da amsa, a yi dariya, a gyara. Muna koya musu abu biyu da ba sassauci. Na ɗaya, ba a zagin annabin kowa, ba a taɓa littafin kowa da wulaƙanci, ko da wasa, ko da an zagi namu. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa, amma da tawali'u da bangirma. Na biyu, in magana ta fara zafi, a ce "zan tambayi babana" a tafi. Yaro ba lauyan ikilisiya ba ne.

A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, yaranmu sun ji kome, ba yadda za a ɓoye. Mun faɗa musu gaskiya. Mun kuma tabbata sun ga dattijon da ke maƙwabtaka da mu, Alhaji, lokacin da ya yi sallama da magariba ya ce wa maigida, "Malam, ku kwana da hankalinku, muna nan." Yaro yana bukatar ya san duka biyun.

Ga dangi kuma. Gida nawa ne cikinmu ba su da kawu ko gwaggo Musulmi? Ran Salla yaranmu suna zuwa gaishe su. Da azumi ba sa cin abu a gaban abokansu. Ran Kirsimeti kuwa su ne masu ɗaukar kwanon shinkafa gida-gida, kuma ina ƙoƙari ko yaya a ɗinka musu sabon kaya, kada yaro ya taso yana ganin bikin wasu ne kaɗai biki.

Ido ya fi kunne

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kun ce wa yaro "je ka ce ba na nan" mai bin bashi yana ƙofa, kun goge Dokoki Goma da hannunku. In kuna dawowa daga sujada kuna yanka naman fasto da matarsa a kan hanya, yara suna baya suna ji. In mudunku na awo biyu ne, na saye daban na sayarwa daban, ƴarku da ke tayaku zama a kasuwa ta gani. Kuma in kun yi wa yaro ba daidai ba, ku ce ya yafe muku. Girmanku ba zai zube ba, na gwada.

Baiko, wato kyautar da ake sakawa a majami'a, shi ma a hannu ake koyonsa. Ku ba yaro dala biyar tasa ya saka da kansa, in ya fara ɗan samu kuma ya fitar daga nasa. Da kaka, in za a kai damin hatsi na godiya, shi zai ɗauka a ka.

Majami'a

A taƙaice: ku san malamar ɗanku, ku tambaye ta darasin mako, ku tambayi yaron a kan hanyar gida. A ba yara aiki tun suna ƙanana, share benci, buga ganga, karanta nassi. Dattawan ikilisiya kuma, don Allah a daina tura yara ƙarƙashin bishiya ba benci ba littafi, sannan a yi mamakin sun watse da sun girma.

In ya zama saurayi, in ta zama budurwa

Daga shekara goma sha uku abin da ya yi aiki da can ba ya yi. Zaman tabarma ya ci gaba, amma a miƙa masa ragama, shi ya zaɓi nassi ya ja addu'a. Maganar da ba za ta faɗu a gaban ƙanne ba, a yi ta a hanyar gona ko wajen tsintar wake. Ku tambayi wa'azin wa yake saurare a salula, ku saurara tare, don masu sayar da mu'ujiza sun yi yawa. Maganar aure a fara ta tun babu kowa a zuciya. In aka bari sai an kawo goro, an makara.

Baftisma ba a yin ta don sa'o'insa sun yi. Ku bar shi ya nema da bakinsa. In zai tafi karatu Yamai ko Damagaram ko Tawa, kada ku tsaya ga katifa da garin rogo. Ku nemi majami'a da gida guda na masu bi a can, ku kira su, ku haɗa su da shi tun bai sauka daga mota ba.

Wani kuma duk da haka zai ja baya. Ina da irinsa a cikin biyar ɗina, har yanzu muna jira. Abin da ke riƙe ni shi ne abin da kowane manomin yankin nan ya sani. A farkon shekarun 1980 an yi ta dasa itatuwa a karkarar Maradi suna mutuwa, har Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya ma'aikacin mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu yaɗa bishara, ya lura a 1983 cewa ƴan tsiron da ake sarewa a gonaki kututture ne masu rai, saiwarsu tana ƙasa. Aka fara barin ƴan rassa masu ƙarfi ana sassabe sauran, abin da muke kira sassabin zamani, gonaki suka sake yin itatuwa. Saboda haka ban rufe wa nawa ƙofa ba, ban kuma mai da kowace gaisuwa wa'azi ba. Ina kiransa, ina aika masa da yaji da ƙuli-ƙuli, in ya zo gida wurinsa na tabarma yana nan.

Labarin gidanku

Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka kafa duwatsu goma sha biyu, don in yara sun tambayi ma'anarsu a ba su labari. Mu ma muna da namu. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ya kafu a Tsibiri. An buɗe asibitin Galmi a 1950, na Danja a 1956. Ƴan'uwanmu Katolika sun sami dayosis ta Maradi, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, a 2001. Amma yaro ba shekarun yake so ba, so yake ya ji ta ina gidansu ya shigo.

Kakana ciwon kuturta ne ya kai shi Danja, a can ya ji bishara. Akwai danginmu da ba sa son a faɗi haka. Ni ina faɗa wa jikokina, har da yadda yake riƙe littafin waƙoƙi da dungulmin hannunsa yana jan baiti. Ku ma ku nemi tsohon da ya rage a danginku. Ku tafi da yaran, ku kunna abin ɗaukar murya na salula, ku bar su su yi tambaya: Kaka, wa ya fara faɗa miki? Me iyayenki suka ce? A wane ruwa aka yi miki baftisma? Wace waƙa kuke yi a lokacin? In kun dawo, ku tura muryar ga mutum biyu ko uku cikin dangi, don salula tana faɗawa ruwa. Sunaye da shekaru kuma a rubuta su a farar takardar farkon Littafi Mai Tsarki na gida.

Ni na yi jinkiri da mahaifiyata, ta rasu ban ɗauki kome ba. Gwaggona ce ta rage a Tsibiri, ido ya tafi amma kai garau. Ran Asabar za mu je da jikata ta fari. Na sayi goro da sukari, ita kuma ta cika shafi guda na kayenta da tambayoyi, ta farkon ita ce ko gaskiya ne da ƙafa suke zuwa Maradi sujada.